Boekhandel Dominicanen: kantin littattafai a cikin cocin da ya haura shekara 700

Jama'a duk wanda Allah ya kai shi Holan, ko yana Beljiyam, ko yammacin Jamus wajajen Aachen, ina ba shi shawara ya ware yini guda ya shiga garin Maastricht da ke kudancin Holan ya ga kantin littattafan nan da ake kira Boekhandel Dominicanen. Ko ba ka karance-karance, ko rabonka da buɗe littafi tun jarabawar fita sakandare, ka dai je. Ni tauraro huɗu da rabi na ba shi cikin biyar, rabin da na riƙe kuma zan faɗi dalili in mun zo wajen, kuma ba ma laifin masu kantin ba ne, laifinmu ne mu masu zuwa.

Kanti ne a cikin coci. Ba wai gini aka yi mai kama da coci don jan kwastoma ba, a'a, coci ne na gaske na Katolika wanda aka keɓe shi don ibada a 1294, na wata ƙungiyar masu wa'azi da ake kira Dominikan, waɗanda asalinsu ba sa tara dukiya, da sadakar jama'a suke rayuwa. Shi ya sa ma in ka zo daga waje ba za ka ga wata doguwar hasumiya ba, har kana iya wuce shi ba ka sani ba don ya maƙale ne a gefen rukunin shagunan Entre Deux, taku kaɗan daga babban dandalin garin da ake kira Vrijthof. Dutsen ginin rawaya-rawaya ne mai laushi, irin wanda ake haƙowa a yankin Limburg ɗin nan, ƙofar shiga kuma ta ƙarfe ce mai launin tsatsa an yanka haruffa a jikinta. Daga waje ke nan, ba wani abun a zo a gani. Sai ka sa ƙafa ciki tukuna.

Wallahi kowa ya shiga sai ya ɗaga kai. Ka tsaya minti biyu a bakin ƙofa ka kalli masu shigowa, tsoho da yaro, Bature da ɗan Sin da mu, kowa baki buɗe wuya a karye yana kallon sama. Ginshiƙai ne manya-manya na dutse jere biyu, sun tafi can sama sun tanƙwaro sun haɗe, wanda ya taɓa shiga tsohon Masallacin Juma'a na Zariya ya ga bakan gizo da ɗaurin gugan da Babban Gwani ya yi da ƙasa da azara zai gane me nake nufi, sai dai wannan da dutse ne kuma ya fi tsini a sama. Dogayen tagogi suna zubo haske, sannan ga littattafai ko'ina, dubbai.

Kafin in shiga maganar kaya da farashi bari in ɗan ba da labarin ginin, don sai da shi za a gane abun da ya burge ni. Mutane da yawa suna ɗauka ai Turawan yanzu ne suka daina zuwa coci shi ya sa aka mayar da shi shago. Wannan gaskiya ne a kan dubban coci-coci a Turai amma shi wannan labarinsa daban. Sojojin Faransa ne suka ci garin Maastricht a 1794, suka kori masu wa'azin, aka ƙwace ginin, yau sama da shekara 200 ke nan rabon da a yi ibada a cikinsa. Sojojin suka mayar da shi bargar dawakai. Bayan su ya zama sito na hukumar gari, ya zama zauren kaɗe-kaɗe, an rubuta jarabawa a ciki, an yi dambe, an baje kolin motoci, an yi shekaru yara suna bikin karnibal a ciki, wato bikin shigar ban dariya da kaɗe-kaɗe da ake yi kafin azumin Kirista, dattawan garin da yawa har yanzu da wannan suke tuna shi. Daga ƙarshe kuma, kafin a gyara shi, wurin ajiye kekuna ne. Ka ji fa, gini tun na ƙarni na 13, ana jingina keke a jikin ginshiƙinsa.

To amma ni a ganina waɗannan ayyukan marasa daraja su suka tsirar da shi. Ginin da ake shiga kullum, ko dawaki ne a ciki, wani zai ga inda rufi yake yoyo ya kai ƙara a toshe. Wanda aka garƙame da kwaɗo aka ce ana girmama shi, shi ne ruwa yake cinyewa a hankali ba mai labari, sai ranar da ya rufta.

An yi babban gyara, kantin ya buɗe a ƙarshen 2006, lokacin sunansa Selexyz Dominicanen. Masu zanen cikin wani kamfani ne na Amsterdam, Merkx + Girod, kuma matsalar da aka aza musu a gaba ita ce: masu kanti suna buƙatar fili murabba'in mita 1,200 na baje kaya kafin cinikin ya biya kansa, shi kuma cocin daɓensa gaba ɗaya bai wuce murabba'in mita 750 ba. Hanya mai sauƙi kowa ya san ta, a zuba dakin a tsakiya a raba tsayin ginin gida biyu ko uku, sama da ƙasa, an gama. Da sun yi haka da an samu filin, amma da an kashe cocin, don duk kwarjininsa a tsayin nan yake, ka shiga ka ga silin a saman kanka kamar kowane shagon filaza.

Abun da suka yi shi ne suka ƙera wata ƙatuwar kantar littattafai ta baƙin ƙarfe, mai hawa-hawa, doguwa kusan mita 30, wadda mutum yake shiga cikinta ya hau matakala ya yi yawo, har da lifta a ciki saboda tsofaffi da masu keken guragu da masu tura jarirai. Kuma ba su dasa ta a tsakiya ba, sun matsar da ita gefen dama, suka bar ɗaya gefen a buɗe tun daga ƙasa har ƙololuwa da tebura gajeru kawai, yanda daga bakin ƙofa idonka zai tafi kai tsaye har ƙarshen ginin ba abun da ya tare shi.

Nan ne na fi daɗewa, har wanda muka je tare ya fara tsokanata wai ko walda na zo koyo. Na bi jikin ƙarfen ina leƙa inda ya zo kusa da ginshiƙi. Bai taɓa shi ba. Ƙarfen ya zagaye dutsen ya bar ɗan tsakani, kana iya zura hannu, ba a huda ginshiƙin an cusa rodi ba, ba a sassaƙe shi don katako ya zauna daidai ba, abun a kan ƙafafunsa yake tsaye da nauyinsa. Ma'ana ko gobe aka ce kantin ya tashi, za a kwance shi gunduwa-gunduwa a fitar ta ƙofa, coci ya koma yanda aka same shi. Kamar ɗan haya mai kunya ne da ya shiga gidan dattijo, ko ƙusa bai buga a bango ba, labulensa ma a kan sandarsa ya rataya. Wannan shi ne duk sirrin wurin a wajena, kuma shi ne abun da yawancin masu cewa sun "gyara" tsohon gini suke kasa yi, su sai sun nuna cewa sun zo. Aikin ya ci kyautar zanen cikin gini ta Lensvelt a 2007, sannan a 2008 jaridar Guardian ta Ingila ta sa shi a sahun farko cikin kantunan littattafan da suka fi kyau a duniya, daga nan fa aka buɗe masa ƙofar 'yan yawon buɗe ido, alherin da ya zo da nasa ciwon kai.

Ka daure ka hau har hawan ƙarshe ko gwiwa tana ciwo, ko ka bi lifta. A can sama ne za ka samu abun da su kansu masu ibadar da ba su samu ba, don su daga ƙasa suke hangen rufin, kai kuma ga ka kusa da shi. Akwai zane-zanen fenti a jikin rufin na wajen 1619, sun koɗe, wasu fuskokin rabi ne kawai ya rage, wani wurin sai ka ƙura ido kafin ka gane hannu ne ko reshe. Abun da na so shi ne ba a bi su da sabon fenti an ƙara musu kwalliya ba, an tsaftace an tsayar da lalacewar an bar su da tsufansu. Kana tsaye tsakanin littattafan tarihi da na falsafa, ƙarfe yana ɗan amsa takun mutane a ƙarƙashinka, ƙamshin kofi yana tasowa, in ka leƙa ƙasa mutane sun zama ƙanana. Mai jin jiri ya riƙe ƙarfen gefe.

A ƙasa kuma, a bangon gefe, akwai zanen da ya fi komai daraja a ginin, na shekarar 1337, yana ba da labarin rayuwar Thomas Aquinas, babban malamin su Dominikan ɗin da ya rasu a 1274. Masu karatun falsafa sun san shi, mutumin da ya karanta Ibn Sina da Ibn Rushd a fassarar Latin, yana kawo maganarsu a rubuce-rubucensa, wani wuri ya yarda wani wuri ya yi musu raddi. Zanen a kan busasshen yaɓe aka yi shi, irin wannan kuwa fentin ba ya shiga jikin bango sosai, yana saurin ɓarewa, ga shi an taɓa shafe shi da farar ƙasa ya ɓace, sai a 1866 wani ɗan garin, Victor de Stuers, ya kankare ya fito da shi, shi ne mutumin da daga baya ya zama uban harkar kare tsofaffin gine-gine a Holan. In ba a nuna maka ba za ka wuce shi ka ɗauka dattin bango ne, da yawa suna wucewa da wayarsu a sama suna ɗaukar rufi. Ka tsaya, ka ba idonka lokaci, a hankali mutanen ciki suke fitowa jere-jere. Ka kuma duba ƙasan ƙafarka nan da can, akwai duwatsun kabari na da a daɓen, rubutun wasu ya side saboda taku.

To kanti fa, don kar a ce na je kantin littattafai na dawo da labarin dutse. Kanti ne na gaske ba na hoto ba. Mafi yawan kayan da harshen Holanci ne, wannan dole, garinsu ne, amma sashen Ingilishi yana da girma don Maastricht gari ne na jami'a cike da ɗalibai 'yan ƙasashen waje, akwai labarai, tarihi, siyasa, girke-girke, zane da gine-gine, na yara, ga na Faransanci da Jamusanci tunda iyakokin Beljiyam da Jamus duk a bakin ƙofa suke. Akwai 'yan gwanjo ga mai son sauƙi, akwai sashen waƙoƙi da faifan garmaho da ya dawo yayi, akwai katuna da 'yan tsarabobi. Littafin Hausa dai kar ka wahalar da kanka, ka taho da naka daga gida.

Farashi kuma, ɗan'uwa ka bar halin kasuwa a bakin ƙofa, babu "nawa za ka rage min" babu "albarka". A Holan doka ce tun 2005, sabon littafi na Holanci farashinsa ɗaya ne ko'ina, mawallafi ne yake yankewa, ko a wannan katafaren wuri ka saya ko a intanet ko a ƙaramin shagon ƙauye kuɗin ɗaya. Wato ba a ɗora maka kuɗin kallon rufi a kan littafi ba, kuma wannan dokar tana cikin abun da ya sa irin waɗannan kantuna suke iya numfashi a gaban manyan kamfanonin intanet. Na Ingilishi da ake shigowa da su dokar ba ta hau kansu ba, don haka wani za ka iya samunsa da ɗan sauƙi a wani wuri, kuma in kana lissafi da naira ko sefa to komai ma zai yi maka tsada, gara ka daina juyawa a waya ka huta. Shiga kyauta ne, ba tikiti ba mai tare ka.

Ma'aikatan sun san aikinsu. Na tambayi wata baiwar Allah wani littafi a kan tarihin Sahel, ta duba kwamfuta ta ce babu a kanta amma za su iya yo oda, sannan ba ta bar ni haka ba ta taka da ni har sashen Afirka ta zaro wasu guda biyu da take ganin sun yi kusa, da Ingilishinta tas, ba gaggawa ba ɗaure fuska duk da layin da ke jiranta. Wajen biya suka tambaya ko kyauta zan bayar, na ce e, nan take aka naɗe shi da takarda mai kyau ba a ƙara ko sisi ba, wannan al'adar kantunan littattafan Holan ce gaba ɗaya kuma tana burge ni.

Sai wurin shan kofi, wanda yake can ƙurya inda bagadi yake a da, wato wuri mafi tsarki a cocin lokacin da yake coci. Coffeelovers ne suke riƙe da shi, na wani tsohon kamfanin gasa kofi na garin. Kofin yana da kyau, mai ƙarfi, ga shayi ga kek, ni da na samu vlaai shi na ci, wato wainar yankin Limburg mai faɗi da ake cika ta da 'ya'yan itace ko shinkafa da madara. 'Yan'uwa Musulmi ku riƙa tambaya kafin ku ci kayan zaƙi a ko'ina a Turai, wasu ana sa musu jelatin, wanda sau da yawa daga jikin alade ake samo shi, in ka tambaya za a gaya maka ba wani abu. A tsakiyar wurin akwai dogon tebur da aka yi shi da siffar gicciye, in kana sama ka leƙo za ka gan shi sarai.

Wannan teburin ne kaɗai abun da ban gama yarda da shi ba a duk zanen. Wanda muka je tare dattijo ne Kirista ɗan kudancin Kaduna da ya daɗe a Turai, tare muke aiki, Baba nake ce masa. Da muka karɓo kofi na nufi teburin don akwai gurbi, sai na ga ya ja baya ya nemi ƙaramin tebur a gefe. Na ce Baba lafiya, ko a bar wurin ne? Ya ce "a'a ɗana, zauna mu sha, ginin dai ba ya damuna, na san an daɗe da fitar da ibada daga cikinsa, gara littafi da keke. Amma in ɗora kofi a kan gicciye, hannuna ba zai iya ba." Shi ke nan abun da ya faɗa, ya ci wainarsa har ya ƙara. Ni kuma na ga gaskiyarsa, don duk sauran aikin an yi shi da kunya da kawaici, shi wannan teburin kamar ɗan wasa ne da mai zane ya yi don a ce ya iya, kuma Baturen da bai taɓa shiga coci don ibada ba ba zai ji komai ba, amma akwai masu ji.

Maganar mayar da coci wani abu daban kuwa ba ƙarama ba ce a Holan. Fiye da rabin mutanen ƙasar yanzu suna cewa ba sa bin kowane addini, coci-cocin kuma kusan 7,000 ne, wani bincike da jaridar Trouw ta yi a 2019 ya nuna kusan ɗaya cikin biyar an riga an mayar da shi wani abu daban, gidajen kwana, ofisoshi, wuraren taro. Mu da muka taso inda ake mayar da silima da sito su zama coci, ake fasa shago a ƙara sahun masallaci, abun yana mana banbarakwai, amma su matsalarsu ke nan, gini ya yi yawa masu shiga sun yi kaɗan, ga rufi yana cin kuɗi ko da mutum ko babu. A Zwolle akwai wani cocin Dominikan ɗin da shi ma ya zama kantin littattafai a 2013. Paradiso ta Amsterdam, wadda ita ma coci ce a da, tun 1968 gidan rawa da waƙa ce. A Haarlem akwai wanda ya zama wurin dafa giya da shan ta. Masallacin Fatih da ke titin Rozengracht a Amsterdam cocin Katolika ne a da, Turkawa suka saya ya zama masallaci a farkon shekarun 1980, hasumiyoyinsa biyu suna nan. Ita Cocin Katolika a dokarta ta yarda a sauke gini daga ibada a ba shi aikin duniya, da sharaɗin kar ya zama aikin ƙazanta, har fadar Paparoma ta kira taro a kan haka a 2018 ta fitar da jagora. Matsalar ita ce wa zai yanke me ye ƙazanta. A nawa ma'aunin dai, cikin duk waɗannan, littafi yana cikin waɗanda suka fi dacewa, don su masu ginin asali mutanen karatu da koyarwa ne, kuma har yanzu ana yin lakca da muhawara da ƙaddamar da littattafai a ƙuryar nan.

Ta fuskar muhalli ma akwai lissafi. Dutsen nan an haƙo shi an ɗauko an ɗora tun shekara 700 da suka wuce, an riga an biya wannan wahalar. In ka rushe ka gina sabon kanti sai sabon siminti da rodi da gilashi, shi kuwa siminti kaɗai yana da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, ga tarkacen da za a kwashe. To amma kar a yi ƙarya, irin wannan gini ba shi da sauƙin ɗumamawa, zafi sama yake gudu, bangon dutse ne kuma ba za ka manna masa abun tare sanyi ba tunda gini ne da gwamnati ta sa a jerin kayan tarihi na ƙasa, in ma ka cika hita da yawa iska ta bushe, tsohon yaɓe da fenti su fara tsagewa. Dole a bi a hankali tsakanin jin daɗin kwastoma da lafiyar bango. Da hunturu na je, a ƙasa ban cire rigar sanyi ba, da na hau sama sai da na zuge zif. Ni wannan bai dame ni ba, farashin zama a tsohon gini ne.

Masallacin Zariya da na ambata ɗazu akasin wannan aka yi masa a shekarun 1970, shi sabon gini aka yi ya lulluɓe abun da ya rage na tsohon, nan kuma sabon ne ya shiga cikin tsohon ya rakuɓe. Can ɗin an tsirar da bakan gizon cikin, Alhamdulillahi, amma surar waje ta tafi. Ba zan ja maganar ba don yanayin ginin ƙasa da na dutse ba ɗaya ba ne, kawai dai na tuna.

Wani abun da ya ƙara min son wurin shi ne shi kansa kantin ya taɓa leƙa kabari. Kamfanin Selexyz ya shiga matsala a 2012, aka haɗe shi da wani aka koma kiransa Polare, shi ma ya karye a farkon 2014 aka rufe ƙofofi. Sai shugabannin reshen da ma'aikata suka ce ba za su bari ba, aka yi karo-karo ta intanet, mutanen gari da masoya suka tara sama da Yuro 100,000 cikin 'yan kwanaki, kantin ya sake buɗewa da cin gashin kansa da sunan da yake ɗauke da shi yanzu. Ka ga ke nan kyau kaɗai ba ya riƙe gini, sai akwai cinikin da zai biya haya da wuta da albashi.

Wanda ya kawo ni kan rabin tauraron da na riƙe. Cunkoso. Ranar Asabar da rana wurin ba ya shiguwa, kuma kaso mai yawa na masu shigowa ba littafi ya kawo su ba, hoto ya kawo su. Matakalar ƙarfen ba ta da faɗi sosai, sai mutum ya tsaya a tsakiyarta ya juya baya yana gyara gashi ana ɗaukarsa, ya duba bai yi ba a sake, layi ya taru a bayansa har ƙasa, wata ma na gani ta zaro littafi daga kanta ta buɗe shi ta yi kamar tana karatu aka ɗauka ta tura shi wani gurbi daban ta wuce, ma'aikaci ne zai zo ya nemo shi. Ga ginin yana amsa kuwwa don an yi shi ne muryar mutum ɗaya ta kai ƙarshe ba lasifika, to ka haɗa surutun mutum ɗari da ƙarar injin kofi da cokula, mai neman wurin da zai zauna shiru ya karanta babi guda ba zai samu ba a irin wannan lokaci, kujerun kofi ma sai ka yi jira. Dan Allah in kun je ku sayi wani abu, ko katin gaisuwa ne ko kofi ɗaya, ba kyau mutum ya cika wayarsa da hotuna ya fita hannu rabbana alhali da cinikin ake riƙe wurin.

In za ka je, ka zaɓi tsakiyar mako da safe suna buɗewa, lokacin haske yana shigowa ta tagogi kuma matakala taka ce. Suna buɗewa har Lahadi amma ba da sassafe ba. Daga Amsterdam jirgin ƙasa kamar awa biyu da rabi ne, daga Liège ta Beljiyam kamar rabin awa. In ka sauka a tasha ba ka buƙatar tasi, ka miƙe kawai ka tsallaka kogin Maas ta tsohuwar gadar Sint Servaas, tafiyar kwata ce zuwa minti 20 a ƙafa, adireshin Dominicanerkerkstraat lamba 1, ka sa a taswirar waya don furta shi sai 'yan gari. Ka riƙe katin banki, Holan an fi biya da kati. Garin nan ne kuma aka sa hannu a yarjejeniyar 1992 da ta haifi Tarayyar Turai da kuɗin Yuro, ga mai son irin wannan tarihin.

In da sauran lokaci, ka taka minti goma zuwa Kruisherenhotel, tsohon gidan masu zuhudu ne na ƙarni na 15 da cocinsa aka mayar otal a 2005, da irin wannan dabarar ta tsayar da sabon gini a ciki ba tare da an jingina shi da tsohon bango ba, ana shiga ta wani rami mai walƙiya na jan ƙarfe. Kuɗin kwanansa ba na aljihuna ba ne, ni da Baba leƙawa muka yi muka kama hanyar tasha.